Ilimin Zurfin Zuciya da Tatsuniya

Ilimin zurfin zuciya reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam. Tushensa shi ne cewa yawancin abin da ke juya mutum yana gudana ne a wani ɓangare na zuciyarsa da shi kansa bai sani ba. Masu wannan fage suna leƙa can ta hanyar mafarki, da suɓul-da-baka, da almara da tatsuniya, domin mutum ya gane dalilin halinsa, ya kuma gyara.

Asali

Likitan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Sigmund Freud (1856–1939), shi ya aza harsashin. Littafinsa kan fassarar mafarki ya fito a ƙarshen 1899, inda ya ce mafarki burin da aka danne ne yake fitowa a ɓoye. Carl Gustav Jung (1875–1961), likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi aiki tare da shi har suka raba gari a 1913. Jung ya ce bayan abin da kowa ya binne na kansa, akwai wani rumbu da dukkan 'yan Adam suka yi tarayya a ciki, kuma daga nan ne wasu siffofi suke ta dawowa a labaran al'ummai daban-daban: jarumi, tsohuwa mai hikima, mayaudari, dodo. Daga baya Ba'amurke Joseph Campbell, a 1949, ya ce labaran jarumai na duniya tafarki ɗaya suke bi: a bar gida, a sha gwagwarmaya, a dawo da wani alheri.

Inuwa

Abin da ya fi amfanar mutum a harkar yau da kullum daga koyarwar Jung shi ne abin da ya kira inuwa, wato halayen da mutum ba ya son ya yarda yana da su. Kowa yana da fuskar da yake shiga taro da ita. Abin da wannan fuska ta ƙi ɗauka, kamar hassada, rowa, tsoro ko son girma, ba ya mutuwa. Komawa yake ya laɓe, sai mutum ya riƙa ganinsa jikin wasu. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari da kullum bakinsa na kan maƙwabcin rumfarsa, wai ya cika son a san shi, har ba ya iya amsa gaisuwarsa da sakin fuska, ana so ya tambayi kansa me ya sa wannan hali kaɗai yake ƙona masa rai haka, alhali ya jure wa mutanen da suka fi wannan muni. Sau da yawa amsar ita ce shi ma yana son a san shi, ya daɗe yana dannewa. Bahaushe ya riga ya ce laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani.

Yadda ake karanta tatsuniya

Ƙa'idar ita ce a ɗauki duk 'yan wasan cikin labarin a matsayin sassan mutum ɗaya. A tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda aka wulaƙanta ta yi tafiya mai nisa, ta gamu da abubuwan ban tsoro da ban ƙyama, ta gaishe su da ladabi, ta dawo da arziki. 'Yar mowa ta bi hanyar da raini, ta dawo da masifa. Kaka tana ba da wannan labari don koyar da ladabi, kuma haka yake. Mai bin Jung zai ƙara cewa abin ƙyamar da aka tarar a hanya yana cikin mai tafiyar, kuma yadda ya karɓe shi ne yake yanke abin da zai samu.

Labarin Bayajida ya dace da tsarin Campbell sosai: baƙo ya iso Daura, maciji ya hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya kashe shi, ya auri Daurama. Gizo kuwa ya ƙi shiga wannan tsari. Yana yaudarar Ƙoƙi da kura da zaki, a kama shi ya sha kunya, gobe ya koma ruwa. Ba kasafai yake dawowa gida da wani alheri ba. A nan ne darajarsa take, domin yana nuna wa mai sauraro kwaɗayinsa da dabarunsa a fili har ya yi musu dariya. Jung ya yi rubutu a kan irin wannan mayaudari a 1954. Tatsuniyoyin Gizo da yawa suna cikin kundi uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913.

Dangantaka da koyarwar Musulunci

Binciken zuciya ba baƙon abu ba ne a Kano. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, da mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajr, kuma zawiyoyin Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun daɗe suna tarbiyyar muridai a kan haka. Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, firgitarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Fagen Freud da Jung bai wuce kashi na uku ba. Sai dai manufa ta bambanta. Sufi yana tsarkake rai don neman yardar Ubangiji, Jung kuma yana so mutum ya haɗa sassansa da suka watse ya zama cikakke.

Suka

Masana halayya da yawa na yau suna ganin ba a iya gwada rumbun tarayya a tabbatar ko a ƙaryata, kuma masu nazarin adabin baka sun zargi Campbell da tsintar labaran da suka dace da ra'ayinsa kawai. Jung ya ziyarci Kenya da Uganda a 1925, kuma abin da ya rubuta game da 'yan Afirka yana ɗauke da rainin Turawan zamaninsa, abin da bai kamata mai karatu ya kawar da kai daga gare shi ba. Haka kuma wannan hanya ba magani ba ce. Wanda baƙin ciki ya hana shi barci da abinci na makonni, ko yake jin muryoyi, ko tunanin halaka kansa, likita yake buƙata, kuma a Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.