Waiwaye: Jean Gordon, matar da aka saka don a auri sarauniya

Da aka kashe Darnley, mijin Sarauniya Mary ta Sikotland, a watan Fabrairun 1567, wanda aka fi zargi shi ne James Hepburn, mai sarautar Bothwell. Wata uku bayan haka sai ga shi ya zama angon sarauniyar. Kafin nan sai da ya rabu da matarsa, Jean Gordon.

Jean 'yar gidan Huntly ce, manyan masu ƙasa a arewacin Sikotland. Mahaifinta ya rasu a yaƙin Corrichie a 1562 yana tawaye ga Mary, aka ƙwace musu dukiya, kafin daga baya a mayar wa yayanta sarautar. A Fabrairun 1566 aka ɗaura mata aure da Bothwell. A al'adarsu dangin amarya ne ke ba ango kuɗi, nata kuwa merk 12,000 ne (merk kuɗin Sikotland ne na lokacin), aka biya bashin da ya yi wa ango katutu da su. Ita kuma aka rubuta mata filaye da za ta ci moriyarsu muddin ranta.

Da yake akwai zumuncin jini tsakaninsu wanda dokar Katolika ta hana aure a kansa, sai babban limamin St Andrews, John Hamilton, ya ba su takardar izini. Da Bothwell ya so rabuwa, aka bi ta kotu biyu. Ranar 3 ga Mayu 1567 kotun Furotesta ta raba auren bisa zargin ya nemi baranyar Jean. Ranar 7 ga wata kotun Katolika, ƙarƙashin wannan limamin dai, ta ce auren bai ɗauru ba tun farko saboda zumunci, tamkar ba shi ya sa hannu a izinin ba. Jean na da takardar, amma ta yi gum. Da ta fito da ita, da a dokar Katolika auren Mary na 15 ga Mayu bai halatta ba. Sai a ƙarni na 19 aka tsince ta cikin takardun Dunrobin, fadar masu sarautar Sutherland.

Shirun ya yi mata rana. Bothwell ya mutu a kurkuku a Denmak a 1578, ita kuwa filayenta na hannunta. A 1573 ta auri Alexander Gordon, mai sarautar Sutherland. Da lafiyarsa ta gaza, ita ta riƙe ragamar Sutherland. A 1598 ta sa aka fara haƙar kwal a garin Brora na Sutherland, ana dafa ruwan teku da shi a fitar da gishiri. Bayan rasuwar Alexander ta yi aure na uku a 1599, ta rasu a 1629 tana kan aƙidarta ta Katolika, aka binne ta a garin Dornoch na Sutherland.