Haɗewar jijiyoyin jini ba bisa ƙa'ida ba a ƙafa

Wannan wata matsala ce da ake samu inda jijiyar da ke kawo jini daga zuciya ta haɗe kai tsaye da jijiyar da ke mayar da shi, ba tare da jinin ya bi ta ƙananan jijiyoyin nan masu kama da gashi ba, waɗanda su ne ke shayar da tsoka da fata. Likitoci suna ce mata fistula, kuma ba ruwanta da yoyon fitsari duk da sunan ɗaya ne, ma'anar kalmar dai hanya ce da ta buɗe tsakanin abu biyu da bai kamata su haɗu ba. Jinin da ke fitowa daga zuciya da ƙarfi yake zuwa, ita kuwa jijiyar mayarwa bangonta siriri ne ba a yi ta don wannan matsin ba, to in jini ya samu wannan gajeriyar hanyar sai ya riƙa bin ta, jijiyar ta kumbura ta murɗe, ƙasan ƙafa kuma ya rasa rabonsa.

Iri biyu ne

Akwai wadda ake samu daga baya, ta hanyar sara ko suka da wuƙa ko harsashi, ko kuma bayan an soka siririn bututu a jijiyar matsematsi don duba zuciya, saboda a wurin jijiyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa suke, allura ɗaya tana iya huda su duka. Ita wannan yawanci rami ɗaya ne. Wani likita mai suna William Hunter ne ya fara bayaninta a 1757, a hannun masu jinya da aka tsaga musu jijiya don fitar da jini. Wani abin sha'awa, likitoci da kansu suna ƙirƙirar irinta da gangan ga masu wankin ƙoda, galibi a hannu.

Ɗayar kuwa da ita ake haihuwar mutum, kuma ita ce mai ba da wuya, don ba rami ɗaya ba ne, dunƙule ne na ƙananan jijiyoyi da suka harɗe kamar saiwar ciyawa. Tana iya yin shiru shekaru, abin da kawai za a gani shi ne jan tabo mai ɗumi kamar tawadar Allah, sai lokacin balaga ko juna biyu ko bayan wani buguwa ta farka ta fara girma. Akwai nau'in da ake kira cutar Parkes Weber, sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1907, inda ƙafa ɗaya ke fin ɗaya tsawo da kauri.

Alamomi

Kumburi, ɗumi a wurin fiye da ɗayar ƙafar, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa suna harbawa kamar zuciya, wanda jijiyar mayarwa ta lafiya ba ta yi. In ka ɗora tafin hannu a kai za ka ji wani ɗan karkarwa kamar ka taɓa jikin injin da ke aiki, in likita ya sa abin saurarensa kuma zai ji gurnani da ba ya yankewa. Can ƙasa yatsu na iya yin sanyi, ciwo in an yi tafiya, gyambo ya ƙi warkewa, wani lokaci ya yi ta zubar da jini. In mahaɗar babba ce zuciya ce ke shan wahala, tana ta bugawa tana tura jinin da yake dawo mata nan take bai yi aikin komai ba, a hankali ta gaji, mutum ya fara haki da kumburi.

Akwai wani tsohon gwaji mai burgewa, in aka danne mahaɗar da yatsa sai bugun zuciya ya ragu a take. Likita Nicoladoni ya ambace shi a 1875, likita Branham a 1890, shi ya sa ake kiransa da sunayensu biyun.

Yadda ake ganowa

Da sikanin na Dofla ake farawa, ba allura ba zafi, yana nuna inda jini ya nufa da irin gudunsa. Daga nan sai hoton CT ko MRI don a ga iya faɗin abin, ko ya shiga tsoka ko ƙashi. Na ƙarshe shi ne a zura bututu a jijiya a saki ruwan da ke fitowa a hoto, a ga taswirar gaba ɗaya, kuma sau da yawa a wannan zaman ake yin maganin. Ana duba zuciya ma in ana zargin mahaɗar ta yi girma.

Magani

Ƙaramar da ta biyo bayan sukan allura sau da yawa tana toshewa da kanta cikin watanni, sai dai a riƙa bibiya da sikanin. In ta ƙi, ana iya danne ta ana kallo a sikanin, ko a saka ɗan bututun raga mai rufi a cikin jijiya ya rufe ramin ta ciki, ko a yi tiyata a raba jijiyoyin a ɗinke kowace.

Ta haihuwa ce dai sai a hankali. A da likitoci sukan ɗaure babbar jijiyar da ke kai mata jini suna ganin an gama, ashe ƙara ɓata lamarin ake yi, don dunƙulen yana nan, sai ya jawo jini ta wasu sababbin hanyoyi, ga shi kuma an rufe ƙofar da za a bi da bututu a isa gare shi nan gaba. Yanzu shi dunƙulen kansa ake nufa, a toshe shi da gam na musamman ko wani ruwa mai daskarewa da ake kira Onyx ko tsantsar sinadarin etanol, wanda yana da ƙarfi sosai amma in ya kauce hanya yana kashe fata da jijiyar motsi, shi ya sa sai ƙwararre. Yawanci ba zama ɗaya ba ne, ana yi ana komawa, wani lokaci a toshe sannan a yanke a cire. Kuma tana dawowa, wannan ya kamata mai jinya ya sani tun farko.

Wadda ba ta damun mutum galibi ba a taɓa ta, safa mai matse ƙafa da zuwa asibiti lokaci-lokaci sun wadatar, in ƙafa ɗaya ta fi tsawo a ƙara wa takalmin ɗayar tudu. Yanke ƙafa sai in jini ya ƙi tsayawa ko zuciya na neman gazawa kuma duk sauran hanyoyin sun ci tura.