Cutar MS da ciwon baifola: alamomin da masu jinya ba za su yi wa shiru ba

Cutar MS, wato multiple sclerosis a Turance, na samuwa ne idan garkuwar jiki ta juyo ta far wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, sai gani ya dushe, ko ƙafa ta riƙa sagewa, ko tafiya ta fara gagara. A ƙididdigar 2020, kimanin mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita a duniya, galibi a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Turai, kuma ta fi kama mata.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cutar tana taɓa hali. Binciken da aka wallafa a 1986 kan mazauna gundumar Monroe ta jihar New York a Amurka ya nuna cewa ciwon baifola, wanda ke kai mutum tsananin zumuɗi sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi, ya ninka kusan sau biyu a tsakanin masu MS. Masana na danganta hakan da tabon da cutar ke bari a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da yanayin zuciya, kuma akwai waɗanda sauyin hali ke riga alamomin jiki bayyana.

Inda ya kamata a fi buɗe ido shi ne bayan ƙarin ruwan sitiroyid, wani maganin rage kumburi mai ƙarfi, da ake yi wa mara lafiya idan MS ta tashi, domin maganin da kansa yana iya tayar da zumuɗin. Za a ga matar da ke kwance jiya ta kwana tana gyaran ɗaki, surutu ba birki, tana rabar da kayanta, barcin awa biyu ya ishe ta. Dangi sukan ce sauƙi ne ya samu, wasu kuma su ce iskoki ne, alhali lokacin kiran likita ne ya yi.

A gaya wa likitan jijiya tun kafin ya rubuta sitiroyid idan mara lafiya ko wani a danginsa ya taɓa yin baifola, sannan a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa su tsara magani tare. Maganin litiyam da ake ba masu baifola yakan sa karkarwar hannu da yawan fitsari, waɗanda ake iya ɗauka tashin MS ne, don haka kada a dakatar da kowane magani sai likita ya duba.