Jirgin Ruwa na Katako a Garin da Babu Teku: Amsoshin Tambayoyin da Suka Ishe Ni

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haɗa ƙananan jiragen ruwa na katako a soron gidanmu a cikin birnin Kano, irin jiragen da da iska ke turawa, kuma duk wanda ya leƙo, tambayarsa ɗaya ce da ta wanda ya fita. Bakina ya gaji. Ga amsoshin nan a rubuce, wanda ya sake tare ni a ƙofar masallaci da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Yana tafiya a kan ruwa?

A'a, na kallo ne. Ka saka shi a baho, gam ya jiƙe, ka tsame itacen hura wuta. Kada wanda ya sake ce mini mu je Tiga mu gwada.

Malam, ba wasan yara ba ne wannan kuwa?

Motar kara da ta langalanga da muka yi muna yara su ne kakanninsa, ban musa ba. Abin da ya raba su awo ne. A nan komai da lissafi ɗaya ake rage shi. In an ce 1:100, kowace santimita a jikin naka tana madadin mita guda a jikin na gaske. Ɗauki Cutty Sark, wanda aka ƙera a Sikotilan a 1869 don ɗauko ganyen shayi daga ƙasar Sin, yanzu yana ajiye a Greenwich ta Landan. Gangar jikinsa ta kusa mita 65, naka zai zama santimita 65. Ƙofar da matuƙi zai shiga ba za ta kai santimita biyu ba, kuma sai ka yi mata marfi. Yaron da zai iya wannan, a kawo mini shi in ɗauke shi almajiri.

Na ga hoton Victory, shi nake so in fara da shi.

Ba za ka fara da shi ba. Kowa shi yake so, don ya ji labarin Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, da yaƙin Trafalgar na 1805. An saka jirgin nan a ruwa tun 1765, yana nan a Portsmouth har gobe, kuma igwa 104 yake ɗauke da su. Kowace igwa da kekenta, da tayoyinta, da igiyoyinta, da ƙofarta. Ka yi ta farko da murna, ta ashirin da haƙuri, ta arba'in kuwa kwalin ya koma saman sif ƙura ta binne shi. Da rarrafe yaro kan tashi. Nemi mai turke ɗaya, wato dogon icen nan da ake rataya ƙyallen da iska ke turawa. In ma son samu ne, ka fara da jirgin Larabawa mai karkataccen ƙyalle, irin wanda kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa suka hau daga Sawakin suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Turkensa ɗaya ko biyu, igiyoyinsa kaɗan, ga shi kana da labarin da za ka ba baƙo wanda ya shafe ka.

In sayo na cikin kwali ne, ko in yanka da kaina?

In aljihu ya yarda, na farko ya zama na kwali, wanda kayan haɗin suke zuwa a shirye, kai sai haɗawa. Cikin kamfanonin da ke yin su, Amati da Corel na Italiya ne, OcCre da Artesanía Latina na Sifaniya, Billing Boats na Denmak. Da kuɗin waje ake saye, ga kuɗin kawowa, kai ka san halin da naira take ciki. In bai yarda ba, ka samo zane ka buga. Amma ka tsaya a kan mai fotokwafin, domin ɗabi'arsu ce su matse zane ya shiga takarda ba tare da sun faɗa maka ba. Tafi da rula a aljihu, ka auna layin awon da ke jikin zanen kafin ka biya.

Wane katako?

Obeche don falankan jiki. Abin dariyar, daga dazuzzukan kudancin ƙasar nan da maƙwabta ake fitar da shi, a yayyanka shi a Turai, ya dawo mana a kwali da tsada. Je 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo, ka wuce wajen masu injin tsaga, guntayen da suke zubarwa sun ishe ka jirgi uku. Ƙashin baya da haƙarƙari kuwa filawud mai kaurin milimita 4 ya wadatar. Madaci yana da kyau a ido, amma ƙofofin jikinsa manya ne, a ƙaramin jirgi sai su zama kamar ramukan titi bayan damina. Bar shi don mazaunin da za ka ɗora jirgin. Kuma kowane katako ka saya, ajiye shi a ɗaki ya ga hunturu guda kafin ka sa masa reza.

Falankan suna karyewa in na zo lanƙwasa su a goshin jirgi.

Don busassu kake lanƙwasawa. Jiƙa su a ruwan zafi, ka matsa su a jikin ƙarfe mai zafi, ko gefen dutsen guga ya isa, ka bari su bushe a lanƙwashe kafin gam ya taɓa su. Sannan cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, alhali adadin falankan ɗaya ne, dole kowane ya sirance yana zuwa gaba. Ɗora siririyar takarda a kan kowane haƙarƙari, ka auna, ka raba da yawan falankan. Kada ka sirantar da falanki ya gaza rabin faɗinsa. Ka liƙa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, in ba haka ba ƙashin bayan zai murɗe. Kwantar da hankalinka, kowa ya karya nasa. Ramin da ya rage, garin katako da farin gam na kafintoci su ne maganinsa, samfefa ta rufa asiri.

Na ɗaure igiyoyin tsaf, bayan wata uku wasu sun saki, wasu kuma sun ja turke har ya lanƙwashe. Me na yi ba daidai ba?

Yawwa, wannan ita ce tambaya. Gyara zama.

Kafin komai, a wane wata ka ɗaure su? Takardun bayanin da ke zuwa cikin kwali don ɗakunan Turai aka rubuta su, wanda ya rubuta bai taɓa tashi da fasasshen leɓe a Kano ba. A nan laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, ta haura 70 a watan Agusta. Zaren auduga in ya sha laima kumbura yake yi, ya ƙara kauri ya rage tsawo, in ya bushe ya saki jiki. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da igiyar rama ya san haka. Saboda haka wanda ya ɗaure a damina, Janairu na zuwa zai ga igiyoyinsa suna lilo kamar wayar wutar unguwa. Wanda ya ɗaure tamau a hunturu shi ya fi shiga uku. Ni na yi. A wani Fabrairu na ja igiyar gaba ta wani jirgi mai turke biyu har tana ƙara kamar tsirkiyar gurmi in na taɓa ta, ina ta jin daɗi. Wata safiya cikin Agusta, bayan an kwana ana ruwa, na buɗe soro na tarar da kan turken ya sunkuyo gaba kamar tsoho a kan sanda, ƙaramar sandar da ke samansa ta tsage daga inda na huda ta. Shi ma katakon yana nasa motsin: a tsawo kusan ba ya canzawa, amma a faɗi yana tsukewa yana buɗewa, kuma igiyoyin gefe a faɗin jirgin suke kafe.

To mafita fa? Ya danganta, kuma kowace da nata aibin. Zaren roba na teloli, wato foliyesta, bai damu da laima sosai ba, shi ya sa yanzu shi na fi amfani da shi a igiyoyin da ke riƙe turaku. Sai dai yana da santsi, ƙulli yana zamewa, farin gam ba ya kama shi da kyau, wani kuma yana ƙyalli kamar ɗinkin sallah. In ka nace sai auduga don kyanta, jiƙa ta, ka rataye ta a ƙusa da 'yar kwalbar ruwa a ƙasa ta kwana, ta gama miƙewarta kafin ta hau jirgi. Wannan yana ragewa, ba ya kawarwa. Lokacin ɗauri ma yana taimakawa: ni nakan jira ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ba ta kankama ba, don abin da zai saki da abin da zai ja su zo kusan daidai. Amma ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki daban ne da soron ƙasa, na bene daban da na kusa da rijiya, sai ka karanci naka.

Abin da ban yarda a yi jayayya da ni a kai ba guda uku ne. Ja igiya iya yadda za ta miƙe kawai, ka tsaya. Na biyu, ƙwayoyin nan masu ido uku da ake ɗaure igiyoyin gefe da su, kada ka sa wa zarensu gam ranar da ka zura shi. Bar jelar da tsawo, jirgin ya yi wata biyu ko uku yana kama da wanda bai yi aski ba, ka riƙa gyara ɗaurin, sannan ka ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa ka yanke. Na uku, sufa gulu ba na zare ba ne, yana mayar da shi kamar gilas, ranar da hannun riga ya taɓa shi a nan zai ɓalle. Wajen jeri kuwa, biyu a dama, biyu a hagu, daga gaba zuwa baya, kana duban turken daga goshin jirgi da zare mai ƙusa a ƙasa yadda magina suke duba bango.

Sauran kakin zuma. Littattafai sun ce a goga wa zare don gashinsa ya kwanta. Gaskiya ne yana kwanciya, amma zafin Afrilu yana tausasa kakin, ƙurar Disamba ta zo ta manne. In jirginka zai zauna cikin akwatin gilas, goga kaɗan. In a fili zai zauna, ni da na haƙura.

Wanda nasa ya riga ya saki kuma, kada ka ɗauki almakashi cikin fushi. Shafa wa igiyar ruwa da ɗan buroshi, wani lokaci audugar takan ɗan koma. In hunturu ne, jira damina ka gani. Wadda ta ƙi, ita kaɗai za ka canza.

Me ya sa wasu igiyoyin baƙaƙe ne, wasu farare?

Masu riƙe turaku ba sa motsi, ana shafa musu kwalta don kada su ruɓe. Masu jan ƙyalle suna bi ta cikin kura, wato ɗan tayan da igiya ke gudu a kansa, ba a shafa musu. Kuma ba fari fat ba, ruwan ƙasa-ƙasa. Tsoma zaren a baƙin shayi.

Tsanin igiyar nan da matuƙa ke hawa, ba wata gajeriyar hanya?

Babu. A jirgin gaske tsakanin taki da taki bai wuce santimita 40 ba, a 1:100 kusan milimita 4 ke nan. Ja layuka a kati, ka sa a baya, ka ɗauki hantsaki ka ƙulla ɗaya bayan ɗaya. Kunna rediyo.

Halal ne?

Jirgi ba shi da rai. Inda maganar take shi ne siffar da ake kafawa a goshinsa, kamar ta Cutty Sark, mace riƙe da jelar doki. Ni ba na sa su, nakan sassaƙa murɗaɗɗen ado a wurin, kuma jiragen gaske da yawa haka aka yi musu. Fatawa kuwa wajen malaminka, ba a sorona ba.

Nawa ya fito a karkace, kunya nake ji in nuna.

A 1628 ƙwararrun maƙeran sarkin Suwidin suka gama Vasa, aka taru ana kallo a Stockholm, bai yi tafiyar kilomita biyu ba iska ta kwantar da shi ya nutse. Sai a 1961 aka tsamo shi, yau gidan tarihi guda aka gina masa. Kai naka ko mutum ɗaya bai kashe ba. Kawo in gani. Juya gefen da ya fi kyau ya kalli ƙofa, ka fara na biyu.

In ɗinka masa ƙyallen iska? Akwai yadi mai kyau a Kwari.

Duk laushin yadin da za ka samo a Kantin Kwari, a jikin jirgin da aka rage sau ɗari kamar bargo yake. Bar sandunan haka nan kamar jirgi a tasha, ko ka rage yadin ka naɗe shi a jikinsu.

Hajiya ta ce zai tara mata ƙura a falo.

Ta yi gaskiya. Kai awonsa wajen masu yankan gilas su yi masa akwati, kuma a hana yara da tsintsiyar gashin kaza zuwa kusa.

Wata nawa yake ɗauka?

Mai turke ɗaya, wata uku zuwa shida in kana zama kullum bayan isha'i. Mai uku, kada ka yi wa kowa alkawari.

Nawa za ka sayar mini da wancan na kan tebur?

Ba na sayarwa ba ne. Kuma don Allah ɗauke hannunka daga kan turken.