Waiwaye: Daga littafin dillali zuwa wayar wakilin kamfani

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gonar talaka a Bichi ko Gumel ta ƙullu da injin masana'antar da bai taɓa gani ba. Da gyaɗa aka fara. Kamfanonin Turawa su ba manyan attajirai irin su Alhassan Dantata kuɗi, su raba wa yaransu, yaran su bazu kasuwannin ƙauye da sikeli. Wa ya noma, buhu nawa ya samu, wa ke cika alkawari, duk wannan yana kan dillali ne da ɗan littafinsa. Mai matse man a Ingila kuwa buhu kawai yake gani.

Hukumar cinikin gyaɗa ta zo a 1949 da farashin gwamnati. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa, sannan gwamnatin Babangida ta soke hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Kowa tasa ta fisshe shi.

Wayar salula ta shigo a 2001, kuma abin da ta fara yi wa manomi shi ne ya ji farashin Dawanau kafin ya ɗaure kaya. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, aka fara turo saƙon tes na karɓar taki buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin ya sha suka, don akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun sabis, kuma gida guda waya guda ce, a aljihun maigida. Duk da haka, a nan ne ɗimbin manoma suka fara ganin sunansu ya shiga kwamfuta.

Abubuwa biyu suka farkar da masu masana'antu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa wajen ajiya. Da an san daga wane sito gurɓataccen ya fito, da ba a yi wa kowa kuɗin goro ba. Na biyun a Kadawa ta jihar Kano ne. Kamfanin tumatir na Dangote, mai iya niƙa tan 1,200 a rana, ya fara aiki a 2016, a tsakiyar filayen noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga. Ba a jima ba tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kwandon tumatir ya yi tsada a kasuwar Kwanar Gafan, injina suka tsaya. Injin bai yi laifi ba. Masana'antar da ba ta san halin da gona ke ciki mako-mako ba, sai labari ya ishe ta a bakin ƙofa.

Shi ya sa yau za ka ga wakilin kamfanin shinkafa ko riɗi yana zagaya gona da waya, yana ɗaukar iyakarta, yana rubuta irin da aka shuka, maganin da aka fesa da ranar girbi. Kuɗi kuma ta asusu ake turowa, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023, da ya koya wa har masu shakka amfani da mai POS.

A ganina ba manhajar wayar ce ke bambanta kamfanoni ba, shugaban ne. Wani zai duba bayanan ya ga tsutsa ta ɓulla a Kura, ya tura malaman gona kafin ta kai Bunkure, ya tsara wa manoma ranakun shuka don kada tumatir ya nuna rana ɗaya ya ruɓe a layin motoci. Wani kuwa bayanan na nuna wa masu ba da rance ne kawai, manomi ya yi mako uku yana jiran alat. Irin wannan, baɗi dillali zai kwashe masa kaya da kuɗi hannu, kuma manomin bai yi rashin gaskiya ba, yana da bashin taki a wuyansa.

Turai ta kafa doka a 2023 da ke neman a nuna ainihin wurin gonar da koko, waken suya da fatar shanu suka fito. Riɗi da zoɓorodon da ake lodi a Maigatari ba sa cikin jerin, amma masu saye sun fara tambayar asalin kaya.