Sufeton jirage da ba ya bakin aiki: fasinja ne ko mai iko?

Wata magana na yawo tsakanin masu yawan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, wai sufeton NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ko da tafiyar kansa yake yi, da ya zaro katin shaida zai iya hana jirgi tashi. Wasu kuma sun juya ta, wai kamfani na da damar sauke duk wanda ya yi ƙorafi a kan lafiyar jirgi, kuma ba inda zai kai kuka. Dukansu sun yi wa doka ƙari.

Dokar sufurin jiragen sama ta 2022 ta ba hukumar ne ikon duba jirage, lasisin matuƙa da littafin gyara, sufeto kuwa da sunanta yake aiki. Sufeton da ya yanki tikiti zai je biki Legas, dokokin fasinja na kansa: ɗaura bel, kashe waya, bin umarnin ma'aikatan jirgi. In ya hango mai na ɗiga a ƙarƙashin inji, ko tayar da ta suɗe, sai ya gaya wa shugabar ma'aikatan ciki ta isar wa kyaftin, sannan ya kira ofishin hukumar. Dakatar da jirgi ta wannan hanyar take biyowa. Ɗan kasuwar Kwari ma yana da 'yancin yin wannan tuni.

Inda rigima take shi ne ikon kyaftin. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963, wadda ta shafi tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, ta ce daga lokacin da aka rufe ƙofofi kyaftin na iya tsare mutum ko ya sauke shi, muddin yana da dalili mai ma'ana na zaton zai jefa jirgi cikin haɗari ko ya ta da hankalin jama'a. A lura, zato aka ce. Ba sai an tabbatar da laifi ba. Sashe na 10 kuma ya kare kyaftin da kamfani daga ƙara idan sun bi ƙa'idar. Don haka alƙali ba zai tsaya kan ko man ya ɗiga da gaske ba. Zai duba yadda mutumin ya yi. Ya ɗaga murya? Ya tashi tsaye jirgi na tafiya? Ya nufi ƙofar matuƙa? Gaskiya ma'aunin nan ya karkata wajen kamfani, tunda rahoton ma'aikatansa ake fara karantawa.

Amma ba a toshe ƙofa ba. Wanda aka sauke saboda tambaya cikin ladabi ya adana takardar shiga jirgi, ya karɓi lambobin fasinjojin da ke kusa da kujerarsa, ya rubuta wa kamfanin, sannan sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA. Shari'ar jiragen sama ta Babbar Kotun Tarayya ce bisa sashe na 251 na kundin tsarin mulki, kuma tana zama a Kano. Neman diyya ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, mai tsara diyyar fasinjojin jirgin sama, yana faɗuwa bayan shekara 2, musayar wasiƙu da kamfani kuma ba ta tsayar da wa'adin.