Wanne ne sabon bayani? Waiwaye kan jera sauye-sauye a rumbun kamfanoni

Ɗan kasuwar Mile 12 ta Legas da ya sauya lambar waya a banki, amma saƙon kuɗi ya ci gaba da faɗawa tsohon layi, ya ɗanɗani matsalar da ta girmi wayar salula. Manyan kamfanoni suna da rumbun bayanai guda na sunan abokin ciniki, adireshinsa da lambobin kaya, kowane reshe daga nan yake ɗiba. Rikicin yana tasowa ne idan bayanin mutum ɗaya ya sauya sau uku: wanne ya riga wanne?

Zamanin littafin rajista, akawu ya ja layi kan tsohon adireshi ya rubuta sabo a ƙasa, ido na ganin jerin. Kwamfutocin farko kuwa shafe tsohon suke yi, don wurin ajiya na da tsada. A 1972 Marc Rochkind na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya ƙirƙiro manhajar SCCS, wadda ke bai wa kowane gyara lamba, 1.1, 1.2, amma don masu rubuta manhaja.

Da injuna suka yawaita sai aka koma dogaro da agogo, alhali agogon kwamfuta biyu ba ya tafiya daidai. Masanin kwamfuta Leslie Lamport ya kawo mafita a 1978: a bar agogo, kowane inji ya riƙe ƙidaya da ke ƙaruwa da kowane saƙo. A 1996 masanin rumbun bayanai Ralph Kimball ya yaɗa dabarar ƙara sabon layi mai ranar farawa da ta ƙarewa maimakon shafe tsoho.

Abin da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi shi ne ranaku biyu ne a kowane sauyi: ranar da abin ya faru, da ranar da rumbu ya ji labari. Sai a 2011 ƙa'idar SQL, yaren da ake sarrafa rumbun bayanai da shi, ta tanadi dukansu. A ce reshen Apapa ya shigar da gyara Litinin, intanet ta ɗauke, bai isa ba sai Laraba, reshen Ikeja kuma ya gyara bayanin nan Talata. Manhajar da ke fifita wanda ya zo ƙarshe za ta ɗora tsoho bisa sabo, ba wanda zai lura.

Zuwan BVN a 2014 da umarnin haɗa NIN da layin waya a Disambar 2020 sun ƙara wani ƙulli. Yanzu suna ɗaya yana zaune a banki, a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, da kamfanin waya, don haka kafin a duba rana sai an yanke wane rumbu ake gaskatawa kan suna, wane kuma kan lambar waya.